Rahoton Ayyukan Shekara: Renon Furen Sidam a Gombe

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da kwamitin lambu ya sa a gaba bana shi ne furen sidam, wannan ɗan tsiro mai kaurin ganye da ke shimfiɗuwa a ƙasa. Dalilin zaɓensa ba ɓoyayye ba ne: duk mai sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ya san kuɗin jarka a watan Maris. Sidam yana tara ruwa a ganyensa, kuma da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa, shi ya sa rana ba ta tsotse shi kamar sauran furanni.

Abin da shekarar ta nuna shi ne, a Gombe ba ƙishirwa ke kashe sidam ba, ruwa ne. Mafi yawan asarar da aka yi ta auku ne a watan Agusta, lokacin marka. Tukwanen da aka cika da baƙar laka sun riƙe ruwa kwana da kwanaki, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Alamar farko ganyen ƙasa ya yi laushi ya koma ruwan ɗorawa, daga nan gindin ya yi baƙi. Idan ya kai nan, ba a ceton uwar tsiron. Sai dai a yanke kawunan da ke da lafiya a sake dasawa.

Saboda haka kwamiti ya tsayar da haɗin ƙasa guda ga kowa: kwano 2 na yashin kogi mai kauri, kwano 1 na ƙananan tsakuwa, kwano 1 na ƙasar lambu, sai tafi ɗaya na takin shanu da ya gama ruɓewa. Kaskon yumɓu ya fi roba domin yana zufa. Zurfin santimita 10 zuwa 15 ya isa, tunda saiwarsa ba ta nitsewa. A huda gindin kaskon, a ɗora shi kan bulo, da damina kuma a matsar da shi inda ruwan indararo ba ya zuba. Masu shukawa a ƙasa su ɗaga kunya, su bar tazarar santimita 15 zuwa 20.

An gudanar da horon dashe bayan ɗaukewar ruwa. Ana yanko reshe mai tsawon santimita 5 zuwa 8, a tsige ganyen ƙasa, a ajiye a inuwa kwana 2 ko 3 har bakin yankan ya bushe. Nan ne gaggawa ke cutar da mutane, domin ɗanyen yanka idan ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake. Sai a soka shi kamar santimita 2, a jinkirta ban ruwa na 'yan kwanaki. Cikin mako 2 zuwa 3 yake yin saiwa. Daga Nuwamba zuwa Janairu dashe ya fi kamawa.

Ban ruwa kuwa, yatsa ne ma'auni: idan ka tura shi ka ji danshi, ka bari. Da hunturu sau ɗaya a mako kan isa. Da bazara, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, yana son ranar safe da inuwar bayan azahar, in ba haka ba ganyen ya ƙone. Amma inuwa mai duhu, irin ta ƙarƙashin mangwaro, tana sa shi ya miƙe siriri ya ƙi fure. Takin zamani ma haka yake yi masa, musamman yuriya, don haka a bar wa masara abinta.

Game da iri, waɗanda asalinsu Meziko ne, kamar Sedum adolphii, sun fi jure yanayinmu. Sedum acre na Turai mai rawayan fure ya saba da sanyi, a nan wahala yake sha, kuma kwamiti ba ya ba da shawarar a kashe kuɗi a kansa. A kuma lura, Portulaca, furen nan da ke buɗewa da hantsi, ba sidam ba ne ko da yake ganyensu ya yi kama.

Ƙwaron da ya fi damunsa shi ne mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, tururuwa na biye da shi. Ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma, a maimaita bayan mako, yana rage shi. Kaji da awaki sai shinge.

A shekara mai zuwa za a yi rumfar leda a wurin reno kafin Yuli. Ana roƙon duk wanda kaskonsa ya tsallake damina ya kawo rassa a taron Nuwamba domin a raba wa waɗanda nasu ya mutu.

Wassalam.
Kwamitin Lambu