Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu karnukan farauta, Damagaram

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, yayye da ƙanne. Perzidan ya ce in rubuta rahoton bana in saka a gurup tun kafin reniyo, wato taronmu, saboda 'yan uwanmu na Tanut da Magariya da ba lalle su samu zuwa ba, wanda bai iya karatu ba don Allah na kusa da shi ya karanta mishi.

Bari in fara da abin da ke cin ran kowa, maganar gasa. Mun je da karnuka 9 gasar da mafarautan wajen Mirriya suka gayyace mu cikin bazara, abu uku aka gwada, gudu, bin sawu, da dawowa in mai kare ya yi kira. Ko ɗaya ba mu shiga ukun farko ba. Duna ne kawai ya kai zagaye na biyu, shi ma ya tsaya yana haki a gindin aduwa ya ƙi gaba. Wlh a hanyar dawowa ba wanda ya ce uffan cikin mota har muka shigo gari. Ni kaina Kyalla ta ɓatar da sawun zomo a gaban idona, karyar da na raina tun tana 'yar kwikwiya, ta yi ta kewaye wuri ɗaya tana waiwayena, kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba, wannan ba abin ɓoyewa ba ne.

Toh bayan nan maganganu sun yi yawa. Wasu suka ce alƙalai sun yi son kai, wasu suka ce baki ne aka yi wa karnukanmu. Ni dai ina wurin daga farko har ƙarshe kuma ban ga zalunci ba, mutanen nan sun karɓe mu da mutunci, sun ba mu fura da ruwa, karnukansu ne suka fi namu shiri. Abin da ya fi min ciwo shi ne labarin da muka ji cewa wani ɗan uwanmu ya ɗaure karensa a rana ya hana shi abinci don haushi, wani kuma ya fara neman mai saye. Ba zan kama suna ba, an riga an zauna da su, sun kuma amsa kuskure. Baba sarkin dawa ne ya kashe wutar ranar, ya ce mu buɗe bakin karnukan mu duba dasashi, muka duba, shida cikin tara dasashinsu ya yi fari fat, kunnuwa da tsakanin yatsu duk kaska. Daga nan ba wanda ya sake maganar alƙali.

Da muka kai su wurin likitan dabbobi ya yi mana bayani dalla dalla. Kaska ba jini kawai take sha ba, tana saka wa kare cutar da ke kashe jinin jikinsa, ga tsutsar ciki a kai, to kare mai ƙarancin jini ina zai samu numfashin gudu? Sannan tafiyar da muka yi ma ta cuce su, mun loda su a bayan buɗaɗɗiyar mota ba rumfa, mun tashi a makare, muka isa rana ta riga ta take, kun san zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40 kuma kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, wanda yake haki baki buɗe kuwa ba zai sansana ƙasa yadda ya kamata ba. Shi kansa warin sawu da sanyin safiya yake zama a ƙasa, in rana ta buɗe iska ta bushe sai ya tashi. Mu kuma don son su yi ƙarfi muka cika musu ciki da tuwo da safen, wannan duk mu muka yi da hannunmu.

Akwai kuma maganar kira. Mu kullum mu uku mu huɗu muke fita da su, daji shiru. Can kuwa ga ganga ga ƙaho ga yara na ihu ga karnuka baƙi ta ko'ina, namu suka rikice, ana fito ba sa ji. Masu cewa a haɗa kuɗi a sayo irin na Azawak daga wajen Tawa, na ji ku, karnuka ne masu kyau, dogon ƙafa, siririn ƙugu, gudu kamar iska. Amma su da ido suka fi farauta ba da hanci ba, kuma in mun kawo su muka riƙe su yadda muka riƙe waɗannan, kaskar nan dai ita za ta ci su. Ra'ayina ke nan, reniyo ce za ta yanke.

Abin da buro, wato shugabannin ƙungiya, ya yi bayan nan: an sayi maganin kaska da na tsutsa daga kes, wato asusun ƙungiya, aka bi gida gida, an yi magana da mahauta biyu suna ajiye mana ƙashi da hanji ranar Alhamis, kuma tun bayan damina muna fita horo duk Lahadi bayan asuba mu dawo kafin hantsi, da ganga da yaran unguwa da gangan don su saba da hayaniya. Ana dawowa kowa ya duba tafin karensa ya cire ƙarangiya da tsaidau. Sati na farko mutum biyar suka fito, yanzu muna kai goma sha. Duna ya murmure sosai, wanda ya gan shi lokacin gasar ba zai gane shi ba.

Rigakafin ciwon haukar kare mun yi shi a watan Satumba, mun daidaita da ranar 28 da duniya ta ware don yaƙi da cutar. Saura karnuka huɗu ba a kawo ba, masu su sun san kansu. Wannan kam ba maganar gasa ba ce, maganar ran yaranmu ce, cutar in ta bayyana a jikin mutum ba a tashi. In kare ya ciji wani a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a wuce likita nan take, kar a tsaya shafa toka ko gashin karen.

Wani abu da dole in faɗa. Da zafin faɗuwar nan wasu samari suka kawo shawarar a hau arewa a kamo barewa a ɗauki bidiyo don a nuna karnukanmu ba ragwaye ba ne. Buro ya ƙi. Akwai dokar farauta mai lamba 98-07 ta 1998, ba a farauta sai da takardar izini, kuma yankin Termit da Tin-Tuma tun 2012 gandun da aka keɓe ne. Wanda ya je ya faɗa hannun ma'aikatan gandun daji kar ya kira sunan ƙungiya.

Kuɗi: kotizasiyo, wato kuɗin da kowane mamba ke zubawa, tana nan dala 100 ta sefa a wata, magani da esansi sun kusa cinye kes, ma'aji zai karanta lissafi baki da baki, masu bashin wata uku zuwa sama a taimaka a zo da shi. Mun yi ta'aziyyar mambobi biyu da suka rasa iyaye, Allah ya jiƙansu da rahama.

Mutanen Mirriya sun sake aiko gayyata. Mun roƙe su a fara da sassafe kuma sun yarda, mu kuma za mu kwana can. Reniyo Juma'a bayan la'asar a inda muka saba cikin Birni, a nan za a zaɓi karnukan da za su je, kowa ya zo da takardar allurar karensa. Ni zan saka sunan Kyalla.

Magatakarda