Kada a ɗora wa alƙali nauyin neman ƙuri'a

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata shawara da ke yawo a majalisun hira na Kumasi, daga Aboabo har Asawase, tun da Shugaban Ghana John Mahama ya sauke Alƙaliyar Alƙalai Gertrude Torkornoo a ranar 1 ga Satumba, 2025. Masu shawarar suna cewa tunda ana zargin kowace gwamnati da cika kotuna da mutanenta, kuma binciken ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas na 2015 ya nuna alƙalai suna karɓar toshiyar baki har da awaki, gara jama'a su riƙa zaɓen alƙalansu kamar yadda ake yi a Amurka. Kukansu yana kan hanya, amma ina tsoron kada mu yi gudun gara mu faɗa gidan zago.

Ba dukkan alƙalan Amurka ake zaɓa ba. Na kotunan tarayya shugaban ƙasa ne yake naɗa su da amincewar majalisar dattawa, kuma ba su da wa'adi. Zaɓe abin jihohi ne, inda 39 daga cikin 50 suke amfani da shi ta wata siga, kuma Misisifi ce ta fara zaɓen dukkan alƙalanta tun 1832. Kotunan jihohin nan su ne suke sauraron mafi yawan ƙararrakin ƙasar, na kisa da sata da saki da bashi, don haka alƙalin da ake fara gurfana a gabansa shi ne talaka ya sani, kuma rayuwarsa ta aiki ita ya kamata mu duba.

Yawanci yakan fara ne da aikin lauya ko mai gabatar da ƙara na shekaru masu yawa. A Kalifoniya gwamna yakan naɗa shi idan kujera ta faɗi, daga baya ya kare ta a akwatin zaɓe, wa'adinsa shekara 6. A Teksas kuwa alƙalin gunduma yana tsayawa takara ƙarƙashin tutar jam'iyya duk bayan shekara 4. Takara tana cin kuɗi, kuma waɗanda suka fi kowa sha'awar ba da gudummawa su ne lauyoyin da za su tsaya a gabansa gobe. Ko da ya tsare mutuncinsa, ƙwarewa ba ta ba shi tabbas ba: a 2018 guguwar jam'iyyar Dimokurat ta lashe dukkan kujerun alƙalai 59 da aka yi takara a kansu a yankin Harris, inda birnin Hustan yake, ta yi awon gaba da gwani da rago baki ɗaya, don galibin masu jefa ƙuri'a jam'iyya suka duba, ba su ma san sunayen alƙalan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsoron zaɓe yake shiga cikin hukunci. Wani nazari da Gregory Huber da Sanford Gordon suka wallafa a 2004 a kan kotunan Fensilfeniya ya gano cewa alƙalai suna tsawaita ɗauri yayin da zaɓensu yake ƙaratowa, wato mutum biyu masu laifi iri ɗaya suna iya samun hukunci daban saboda bambancin watan da aka gurfanar da su. A 2016 Alƙali Aaron Persky na yankin Santa Clara a Kalifoniya ya yanke wa wani ɗalibin jami'a ɗaurin wata 6 a kan cin zarafin wata mace, jama'a suka fusata, suka yi masa kiranye a 2018. A ganina hukuncin nan ya yi sauƙi ƙwarai, amma darasin da sauran alƙalai za su ɗauka a fili yake: sassauci yana iya raba ka da kujerarka, tsanani kuwa da wuya ya jawo maka asarar ƙuri'a.

Batun kuɗi kuma ba zato ba ne. A Birjiniya ta Yamma, shugaban wani kamfanin kwal, Don Blankenship, ya kashe kimanin dala miliyan 3 a 2004 don Brent Benjamin ya hau kujerar Kotun Ƙolin jihar, Benjamin kuma ya shiga cikin waɗanda suka soke diyyar dala miliyan 50 da aka ɗora wa kamfanin, har sai da Kotun Ƙolin Amurka ta ce a 2009 ya kamata ya janye daga shari'ar. Marigayiya Sandra Day O'Connor, wadda ita kanta ta zaɓe ta zama alƙaliya a Arizona a 1974 kafin ta zama mace ta farko a Kotun Ƙolin ƙasar a 1981, bayan ta yi ritaya ta duƙufa wajen kiran jihohi su daina wannan takara.

Mu dawo gida. Idan aka ce a zaɓi alƙalin Babbar Kotu a Yankin Ashanti ko Bolta, kowa ya san jam'iyyar da za ta kawo shi tun kafin a buga takardar ƙuri'a. To, ɗan zango da yake rikicin fili da mai dangi dubu a gari, wa zai kare shi a gaban alƙalin da yake ƙidayar ƙuri'un dangin? Mu da muke tsiraru a kusan ko'ina a kudancin ƙasar nan mu ne za mu fara ɗanɗana kuɗarmu.

Gyaran da nake fata yana cikin sashe na 144 na kundin tsarin mulkin 1992, wanda ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa alƙalan Babbar Kotu bisa shawarar Majalisar Harkokin Shari'a, sashe na 139 kuma ya ce sai daga lauyoyin da suka kai shekara 10 a aiki. A riƙa shelanta gurbi, a buga sunayen waɗanda aka tantance, a ba jama'a lokaci su kai ƙorafi kafin naɗi, sannan a ƙayyade yawan alƙalan Kotun Ƙoli, tunda kundin ya ambaci mafi ƙaranci, wato tara ban da shugabansu, bai sa iyaka a sama ba. Ina kira ga 'yan majalisarmu na mazaɓun zango su gabatar da wannan a zauren majalisa.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku,
Aboabo, Kumasi.