Amsa ga Malamin da ya ce na mayar da 'ya'yan mutane ɓeraye

Allah ya gafarta Malam, assalamu alaikum.

Kana da lambata, amma ka zaɓi ka tambaye ni a bainar jama'a, don haka a nan zan ba ka amsa. Ga waɗanda ba su ga rubutunka na Facebook ba: bayan shirin lafiya da na yi a rediyo kan shaye-shaye, ka jefo min tambayoyi uku. Wa ya biya ni in shigo da aƙidar Turawa? Ba uzuri nake nema wa 'yan ƙwaya ba? Sai wadda ta fi yawo a wayoyin mutanen Kaduna: "Likita, da wane ido kake kallon 'ya'yan mutane da ake kawo maka, tunda ka ce ƙwaƙwalwarsu da ta ɓera ɗaya ce?"

Ta farko ba ta buƙatar ɓata tawada. In ka san Baturen da ke biyan likitan gwamnati a ƙasar nan, ka taimaka min da adireshinsa, albashin bai cika kai ni ƙarshen wata ba.

Ta ukun ce ta yi min ciwo. Iyaye mata da ke kawo min 'ya'yansu sun karanta ta, kuma uwar da ta sha gorin dangi kafin ta yarda ta tako asibiti, kalma ɗaya daga bakin mutum irinka ta isa ta mayar da ita gida. Ban ce ɗaya ba ne. Cewa na yi kayan ginin iri ɗaya ne: ƙwayoyin jijiya, da sinadaran da suke aika wa juna saƙo da su. Da jar ƙasa ɗaya ake gina soron sarki da akurkin kaji, ba wanda ya taɓa zuwa akurki ya faɗi gaisuwa.

Ka san cutar Parkinson mai kama dattawa: hannu na karkarwa, jiki ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa. A 1957 wani masanin magunguna ɗan Suwidin, Arvid Carlsson, ya ba zomaye wani magani mai suna risafin. Maganin nan daga saiwar itace aka samo shi, kuma ɗan'uwan itacen na nan a kudancin Najeriya, Yarbawa na ce masa asofeyeje, masu maganin gargajiyarsu sun daɗe suna kwantar da masu taɓin hankali da shi. Zomayen suka zube, kunnuwa a ƙasa, ba motsi. Ya yi musu allurar lebodofa, wanda jiki ke mayarwa sinadarin dofamin, suka miƙe suna tsalle. A 1960 Oleh Hornykiewicz a birnin Biyana ya auna ƙwaƙwalen mutanen da suka rasu da Parkinson, ya tarar dofamin ɗinsu ya ƙafe a sashen da ke kula da motsi. A 1961 aka gwada lebodofa a kan marasa lafiya, waɗanda suke kwance suka tashi suka taka. Har yau shi ne babban maganin cutar, kuma Carlsson ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 2000. Duk dattijon da ya iya riƙe buta ya yi alwala da kansa saboda wannan magani, ta hannun zomo Allah ya kawo masa sauƙin. An ci mutuncinsa ke nan?

Yanzu juya maganar. Magungunan taɓin hankali irin su Largactil, da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, toshe hanyar dofamin suke yi. Shi ya sa za ka ga an sallamo matashi, surutan banza sun tsaya, amma ya sandare, yawu na dalala, hannu na rawa, dangi su ce asibiti ta lalata shi. Alamun Parkinson ne magani ya jawo, ana gyara su da rage yawansa ko ƙara wani maganin. Wancan na gyaran kuwa shi ne Exol ɗin da yaranmu suka mayar abin maye. Haka nan akwai magungunan Parkinson masu kwaikwayon dofamin da suka jefa dattawan da ba su taɓa caca ba cikin caca, aka rage maganin suka daina. Karkarwa, taɓin hankali, caca: a ido ba abin da ya haɗa su, a cikin kai kuwa sinadari ɗaya ne ke ratsa su. Wannan ne na yi bayani a rediyo, kai kuma kalmar ɓera kaɗai ka tsinta.

To ga ɓeran. A 1954, a Jami'ar McGill ta Kanada, James Olds da Peter Milner sun sa siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka ba shi abin dannawa da ke aika ɗan lantarki wurin. Ɓera ya yi ta dannawa, ɗaruruwa har dubbai a awa guda. Wannan hanyar ta kwaɗayin lada tana kan mutum, ita ke sa mai yunwa neman tuwo, kuma ita kodin da tiramol ke yi wa fashi. Daga baya, a shekarun 1990, Wolfram Schultz ya gano a kan birai cewa in biri ya saba ganin wata alama kafin a ba shi ruwan 'ya'yan itace, ƙwayoyin dofamin kan zabura tun a kan alamar, kafin lada ta iso. In ka ce biri ya yi kama da mutum, ba ni na fara faɗa ba, Bahaushe ne. Amfanin sanin wannan a fili yake. Ka kulle yaro wata shida, ka sake shi cikin lungun da ya saba, ya ga abokan da, ya ga kwalbar lemon da ake haɗa sirof a ciki, sha'awar ta taso kafin ya yi shawara da kansa. Kulle ba ya goge alamar. Sai an sauya masa zama, an ba shi sana'a, an koya masa yadda zai yi in sha'awar ta motsa.

Batun uzuri kuwa, sanin dalilin abu ba halatta shi ba ne. Mutum yana da gaban ƙwaƙwalwa mai taka wa sha'awa birki, wanda ba ya gama nuna sai shekara ashirin da 'yan kai, yana da kunya, da tsoron Allah, da uwar da ba ya son ganin hawayenta. Ɓera ba shi da tuba. Na kuma faɗa a shirin cewa magunguna da yawa sun yi aiki a kan ɓeraye suka gaza a kan mutane. Wannan ɓangaren bai shiga rubutunka ba.

Ka kafa min hujja da aya ta 70 a Suratul Isra'i, cewa Allah ya karrama ɗan Adam. Na yi imani da ita. Ba zan koya wa Malam karatu ba, amma aya ta 38 a Suratul An'am, wadda ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu, tana cikin Littafin da ka ɗauko waccan.

Tunda maganar karamci muke, mu yi ta sosai. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun buɗe wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Na duba shafinka na lokacin, ban ga tambaya ko ɗaya ba. Likita ya ambaci ɓera a rediyo ne karamcin ɗan Adam ya tashe ka daga barci. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200. Dokar masu taɓin hankali ta 1958 sai a Janairun 2023 aka maye gurbinta. Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna daga jihohi da yawa ake zuwa masa. A wannan hali, mai tsorata iyaye da asibiti ya san inda za su nufa. Ban ce komai ba, amma jama'a sun ga tallar gidan gyaran tarbiyyarka a ƙasan rubutun, har da lambar waya biyu.

Ka yi uku, ni biyu zan yi. A cikin yaran da ke hannunka, nawa ne likita ya taɓa dubawa, alhali wasunsu na iya zama masu farfaɗiya ko taɓin hankali da magani ke kwantarwa? Kuma za ka bar iyayensu su shiga ɗakin kwanansu ba tare da sun yi maka waya tukuna ba? Ka amsa a shafin da ka yi taka tambayar.

Wassalam.