Kafin a biya kuɗin otal a bakin tekun Zanzibar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin 'yan uwa, musamman angwaye da amare, da suka mai da Zanzibar wurin hutun amarci a 'yan shekarun nan. Sana'armu shirya wa mutane tafiya ce, kuma yana damunmu yadda ake zuba daloli a ƙananan otal-otal masu tsada, irin masu ɗaki goma zuwa ashirin, don kawai an ga hoto a Instagram. Sau da yawa otal ɗin yana da kyau yadda aka nuna shi. Amma hoton an ɗauke shi ne a sa'ar da teku ta cika, a watan da babu ruwan sama, kuma ba lalle ne wannan sa'ar da wannan watan su dace da ranar zuwanka ba.

Mu fara da tekun, tunda ita ake biya wa kuɗin. Babban tsibirin Zanzibar, wato Unguja, gaɓarsa ba iri ɗaya ba ce. A gabas, inda Paje da Jambiani da Bwejuu da Pongwe da Matemwe suke, akwai shimfiɗaɗɗen wuri marar zurfi tsakanin yashi da duwatsun murjani. Sau biyu a yini ruwa yana janyewa, sau biyu yana dawowa, kusan sa'a shida tsakanin janyewa da cikowa. Idan ya ja, a wasu wuraren sai ka yi tafiyar kilomita guda ko fiye kafin ruwa ya kai maka gwiwa. Wanda ya kama ɗaki a can yana tsammanin zai fito ya faɗa ruwa duk lokacin da ya ga dama, zai sha mamaki. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da gangara, don haka ana iya iyo kusan kowane lokaci, sai dai can ya fi cunkoso da kiɗa da 'yan talla.

Wannan janyewa tana bin wata ne, kuma a nan Bahaushe yana da sauƙi, domin lissafin watan Musulunci a hannunsa yake. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, bambancin cikowa da janyewa yana kaiwa wajen mita huɗu. A irin waɗannan ranaku ruwa yakan yi nisa da hantsi, ya cika taf da la'asar. A wajen bakwai ko takwas ga wata, da ashirin da biyu ko da uku, bambancin kaɗan ne: ruwan ba ya tafiya can da nisa, ba ya kuma cikowa sosai. Kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Saboda haka kafin ka biya, nemi otal ya turo maka jadawalin ruwa na ranakun da za ka zauna. Otal na ƙwarai yana da shi, yawanci ma a rubuce a allo kusa da wurin karɓar baƙi.

A ganinmu gabas ta fi dacewa da mai neman natsuwa da sirri, in dai ya san abin da zai tarar. Idan ruwa ya ja za ka ga matan ƙauyen Paje da Jambiani suna aikin gonakin ciyawar teku da suke ɗaurewa a igiya tsakanin turaku. Abincinsu ke nan, kada a taka musu, kada kuma a ɗauki hotonsu ba da izini ba. Wanda zai taka zuwa duwatsun murjani ya sa takalmin roba mai kauri, domin akwai wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke lafewa a cikin ramuka, ƙayarta tana karyewa a cikin tafin ƙafa. Ya kuma juyo tun ruwa bai fara dawowa ba. Ruwan yana fara cika kwaruruwan da ke bayanka ne, tsakaninka da gaɓa, kafin ka ankara da shi a inda kake tsaye.

Sai batun lokaci. Babbar daminarsu daga Maris take zuwa Mayu, ta fi ƙarfi a Afrilu, har wasu ƙananan otal-otal sukan rufe su yi gyara. Idan ka ga farashi ya faɗi warwas a wannan lokaci, dalilin ke nan. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi, amma iskar kudu tana kaɗawa a gaɓar gabas, wani lokaci ta tara ciyawar teku a kan yashi. Janairu da Fabrairu akwai zafi da gumi. Ƙarshen Disamba shi ne mafi tsada a duk shekara.

Takardu su ne inda aka fi yin asara. Zanzibar tana da gwamnatinta, amma tun haɗewar 1964 ɓangaren Tanzaniya ce, don haka bizar Tanzaniya ake nema. Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida, an jira amincewar hukumar shige da fice, abin da kan ɗauki makonni. A fara nema wata biyu kafin tafiya, kuma kada a biya otal kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito. In otal ya dage kan kafin alƙalami, a karɓi sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce. Ana buƙatar katin rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai kwana goma bayan allura. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma dole kowane baƙo ya sayi inshorar Zanzibar Insurance Corporation, dala 44 ga babban mutum, ko da yana da wata inshorar. A saye ta a intanet kafin a tashi. Jakar leda haramun ce a Tanzaniya tun Yuni 2019, kada a cika akwati da ita.

Farashin ɗaki yana zuwa iri-iri: da karin kumallo kawai, da karin kumallo da abincin dare, da abinci uku, ko wanda aka haɗa komai har abin sha. Wannan na ƙarshen an yi lissafinsa ne da giya a ciki, don haka wanda ba ya sha yana biyan kuɗin abin da ba zai taɓa ba. Mun fi ba da shawarar karin kumallo da abincin dare, tunda da rana yawanci ana waje, ko a tsohon garin Stone Town ko a gonakin kanumfari. A tambaya ko an saka harajin kwana da gwamnati ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare, domin wasu sai ranar tafiya suke kawo shi. A tambaya kuma nawa suke ƙarawa idan da kati za a biya. Kada a dogara da katin naira, kuma a guji tsofaffin takardun dala ko masu yaga, ana yawan ƙin karɓarsu. Injin cire kuɗi ba shi da yawa a ƙauyukan bakin teku.

Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, amma otal-otal ɗin an tsara su ne don baƙin Turai. A rubuta musu tun kafin zuwa cewa kada a ajiye kwalbar giya a ɗakin amarya, kada a zuba giya a miya, a kuma bayyana irin naman da ake sawa a karin kumallo. Suna yi idan an faɗa da wuri. Ga mai son iyalinsa ta yi wanka ba idon jama'a, ya nemi ɗaki mai ƙaramin wurin wanka nasa na kansa, ya kuma ce a turo bidiyon katangar, domin wasu a buɗe suke ta fuskar teku, bakin teku kuwa hanyar kowa ce. Alƙibla a can arewa take, ba gabas ba, saboda Makka tana kusan saitin tsibirin ta arewa. Yawancin ma'aikatan otal suna salla, za su nuna maka ita da masallacin Juma'a mafi kusa. Mai tafiya da yara ya duba sosai, don da yawa daga irin waɗannan otal-otal ba sa karɓar ƙananan yara ko kaɗan.

Wutar lantarkin tsibirin daga babban yankin Tanzaniya take zuwa ta wayar ƙarƙashin teku. Daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010 Unguja ta yi wata uku babu wuta, har yanzu kuma ana ɗaukewa jefi-jefi. Tambayar da ta kamata ita ce ko janaretan otal yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, ba fitila kawai ba. Soket ɗinsu irin na Najeriya ne mai baki uku, amma 'yan Nijar su tafi da mahaɗi. Ruwan famfo a bakin teku yakan zo da ɗan gishiri, ba na sha ba ne. Jinkar ganyen kwakwa da ake rufe ɗakuna da ita tana da sanyi, amma wuta tana cin ta nan da nan, don haka batun kunna garwashin turaren wuta a ɗaki, da amarenmu ba sa rabuwa da shi, a bar shi sai an dawo gida. A duba gidan sauro tun da rana ko yana da huji.

Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Nungwi tafiyar kusan sa'a ɗaya da rabi ce a mota, Paje kuma sa'a ɗaya da 'yan mintuna. A sa otal ya turo mota, a yanke kuɗinta tun kafin sauka. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a biyu, kuma ba a cika ba da ɗaki kafin ƙarfe biyu na rana ba. Wanda jirginsa ta Addis Ababa ko Nairobi zai sauka da dare ko da asuba ya biya kuɗin daren da ya gabata, in ba haka ba shi da amarya za su yini a kujera da akwatunansu suna jiran a gyara ɗaki.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu shirya tafiye-tafiye, Kano