Abba, Kafin Ka Sallama Motar Nan

Unguwar Rogo, Jos
Daren Laraba

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya baƙunta, ya sabon wurin aiki? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara sauka, ka san halin Jos. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Maganar da ka yi mini a waya, na ce ka bari in kwana da ita. Na kwana, kuma ban ga laifin sayar da ƙaramar motar ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ma'aikaci mai albashi ɗaya ba zai ciyar da tanki biyu ba, ga mai gidan haya a Kubwa, can Abuja, yana jiran kuɗin shekara cur. Barin ta a ƙofar gidana ma ba dabara ba ce. Mota in ta zauna batir ya mutu, taya ta tsattsage, ɓera ya shiga ya cinye wayoyi.

Sai dai akwai abin da ban ji a bakinka ba. Ka ce "zan sayar", ba ka ce "mun yi shawara" ba. Abba, ina sane da yadda aka sayi motar nan. Matarka, Maman Hanifa, ta zuba kuɗin adashinta, ta haɗa da sarƙar da aka yi mata ta aure, kai ka cika. Sunanka ne a takarda, amma Allah ya san na wa ke ciki. Jiya da ta kawo mana yara, ina zaune a dakali na ga ta buɗe but ta ɗauko galan ɗin ruwa, ta jira inji ya huce, ta sa tsumma ta murɗe murfin lagireto ta ƙara ruwa da hannunta. Shekara huɗu tana lallaɓa motar nan, makaranta, asibiti, kasuwar Taminus. Ba a waya ake gaya wa irin wannan mace an sayar ba. Ka zo ka zauna da ita. In ta yarda, ka ware mata rabonta, ko ta ba ka aro da bakinta, ku rubuta. Dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita taka ba.

Ka kuma duba yadda za ta yi zirga-zirga a can. Abuja ba Jos ba ce da za ta fito bakin titi ta tari keke. An hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, kuma kai ma kana jin labarin ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a tasi su yi musu fashi. Ka nemi gidan da makarantar yara ke kusa, ko da ɗakunan sun fi ƙanƙanta.

To, in an daidaita a gida, sai maganar kasuwa. Kada dillalai su ji ranar tashinku. Da sun san kana da wa'adi, wannan ya zo ya yi tayin wulaƙanci, gobe abokinsa ya zo ya taya ƙasa da haka, har ka ga na farkon ma mutumin kirki ne. Sauri kan haifi nawa. Ka sa a zagaya wuraren masu sayar da motoci a ji nawa irinta ke tashi, 'yar Kwatano da wadda aka hau a gida, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Tayin da bai yi maka ba, ka ce albarka, ba faɗa. La'adar dillali kuwa a yanke ta tun kafin ya kawo mutum.

Lagireton nan kuma, ko ka gyara, ko ka faɗa. Na san za a ce maka ka wanke inji, ka cika ruwa, cikin gari ba za ta nuna ba. Gaskiya ne, ba za ta nuna ba, sai ranar da mai ita ya ɗebi iyalinsa ta yi zafi a Hawan Kibo da magariba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya mana cewa mai saye da mai sayarwa in sun yi gaskiya sun bayyana, za a sa albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya, a shafe albarkar. Kuɗin nan hayar gidan da 'ya'yanka za su kwana za ka biya da shi. Ka ce ya zo da bakanikensa, ka nuna masa har gefen da aka yi wa fenti.

Makulli ba ya barin hannunka sai ka ga kuɗi a asusunka da idonka. Saƙon alat a waya ba shaida ba ce, ana ƙirƙirarsa. Ku shiga banki tare da rana, ranar aiki.

Yanzu takardu, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Kana ƙarami na sayar da Fijo 504 ɗina, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna a wancan lokacin. Mutumin ya biya lakadan, muka yi musabaha, na miƙa masa takardu da sunana a jiki, ya ce zai canza. Bai canza ba, ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa wani. Bayan shekara biyu motar ta kaɗe yaro, direba ya gudu, aka bi lamba aka zo ƙofar gidana. Kwana uku ina zarya ofishin 'yan sanda, mahaifiyarka ko abinci ba ta iya ci. Abin da ya cece ni wata 'yar takarda ce da maƙwabcinmu, Allah ya ji ƙansa, ya matsa aka rubuta ranar cinikin, da sa hannunsa.

Saboda haka ku rubuta yarjejeniya: sunanka da nasa, lambar mota, lambar inji da ta shasi, kuɗi, kwanan wata, shaidu biyu. Ka riƙe kwafin katin shaidarsa da na duk abin da ka ba shi, takardar kwastam, lasisi, inshora. Canjin suna kuma ku je ofishin lasisi tare a fara shi a gabanka, kada ka karɓi "zan yi daga baya".

In mai gidan ya matsa kafin a samu mai saye na kirki, ka gaya mini. Akwai ɗan abin da na ajiye, ka fara ba shi, ka mayar mini in an sayar. Ka taho ranar Juma'a in ka samu dama, ka fara sauka gidanka ku yi maganar, Asabar da safe sai mu kai ta wurin bakanike tare. Ka baro Abuja da wuri, ban son ka yi dare a hanyar Akwanga.

Allah ya yi maka albarka, ya sa alheri a tashin nan.

Mahaifinka.