Wasiƙa zuwa ga Bello kan mantuwar ƙanensa

Aminina Bello,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Jos? Mu nan Sakkwato sai godiya.

Na ga abin da ka rubuto game da ƙanenka da ke nan gida: a aike shi kasuwa sayen abu uku ya dawo da ɗaya, a yi magana da hantsi, kafin azahar ya rantse ba a yi ba. Don Allah ku daina kiran wannan taurin kai. Ƙwaƙwalwa ce ta taɓu saboda shaye-shayen da yake yi, kuma kowace ƙwaya da irin ɓarnarta.

Tiramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce 400 a yini. Na bayan fage akwai mai 225, ka ga biyu kaɗai sun haura iyaka. Daga nan jijjiga irin ta farfaɗiya take zuwa, numfashi ya ragu, ƙwaƙwalwa ta rasa iska. Diazepam da Rohypnol, ƙwayoyin sa barci, hana ta ajiye sabon abu suke yi. Wiwi kan rage natsuwa, ya fi illa ga wanda ya fara da ƙuruciya, domin sashen gaba na ƙwaƙwalwa mai yanke shawara ba ya ƙosawa sai wajen shekara 25. Sholisho ya fi ba ni tsoro, yana cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnarsa ba kasafai take gyaruwa duka ba.

Kada ku kulle shi a ɗaki ku yanke masa ƙwaya dare ɗaya. Mai shan diazepam kullum, in an tsayar masa kwatsam, jijjiga na iya kashe shi. A hankali likita ke ragewa. Mari da bulala kuwa babu abin da suke gyarawa. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware nan jihar Sakkwato, ku tafi da fankon duk abin da kuka tsinta a aljihunsa.

Akwai gwajin ƙwaƙwalwa na minti goma mai maki 30: a ba shi kalma biyar ya riƙe, ya zana agogo. Ba a yin sa cikin maye. A maimaita bayan wata guda da dainawa, don masu wiwi da yawa a nan suke fara dawowa.

A gida, saƙo ɗaya a lokaci ɗaya, ya maimaita da bakinsa. Ranar komawa asibiti a rubuta a bango, wani ya raka shi.

Ka gaishe da Inna, ka ce ina tafe ranar Juma'a. Allah Ya ba shi lafiya.

Naka,
Umaru