Faɗaɗa titi kaɗai ba zai raba mu da gosulo ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Maganar hanyoyin da suka haɗa tsakiyar birni da unguwannin gefen gari ce ta sa na rubuto. Duk sanda direbobi suka yi kukan gosulo amsa ɗaya ake ba su, wai za a faɗaɗa titi a ɗora gadar sama, ni kuwa a ganina ba nan gizo ke saƙar ba.

Ka duba yadda aka tsara yawancin birane, kowace unguwa babban titinta ɗaya ne kuma cikin gari ya nufa kai tsaye. Mutum yana unguwar gabas zai je ta arewa, ga ta nan kusa yana hango ta, amma dole sai ya shiga tsakiya ya zaga shataletale ya sha danja sannan ya sake fitowa, shi da ba abin da ya kai shi can, ya ƙone mai a banza ya kuma tare wa masu zuwa ofis hanya. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai wallahi.

Faɗaɗawar ma an gwada ta ai. A Houston ta Amurka sun gama faɗaɗa babban titin Katy Freeway a 2008, wani wurin har layi 26 in ka haɗa da na gefe, shekaru kaɗan cunkoson safe da yamma ya dawo, don da hanya ta yi daɗi wanda ke shiga bas sai ya fito da motarsa, wasu kuma su koma nesa su yi gini.

Yanzu kuma ga Google Maps, manhajar waya mai nuna hanya, da babban titi ya cushe sai ta kora mutane cikin lungunan unguwa inda yara ke wasa a ƙofar gida.

Roƙona ga masu tsara birane, a fara yin titunan da za su haɗa unguwa da unguwa ba sai an ratsa tsakiya ba. Sannan tunda da safe hannun shiga gari ne ke cika na fita kusan fayau, a ari layi ɗaya daga can a ba masu shigowa, da yamma a juya, birane da dama suna yin haka da alamomi da fitilu kawai ba tare da an rushe gidan kowa ba.

Na gode, a huta lafiya.
Wani direba mai bin hanyar kullum